Takin Gaya da Gonar Aro

Muna idar da sallar asuba muka bar Dosso, ni da maƙwabcina direba, cikin tsohuwar kamiyonsa wadda ba ta tashi sai an tura. Mutanen masallacin unguwarmu ne suka tura mu, suna turi suna tsiya, wai yau tela ya bar keke zai tafi fatauci. Ban gaya musu abin da zan ɗauko ba, don na san halinsu. Amma tunda hoton ya riga ya fita, kun gan ni tsaye bisa tulin kashin shanu da felu a hannu, tambaya kuma ta yi yawa, bari in ba ku labarin yadda aka yi.

Ina da yaya mace, ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu. Tana zaune a wani ƙauye gaba da Junju, ta wajen Zabori. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Gonar da take nomawa ta aro ce, ta wani dattijo aminin surukinta, tun mijin yana da rai suke nomanta, kuma daga ita suke ci. Bara da kaka ta kira ni a salula ta ce ƙasa ta gaji. Hatsi ya tsaya iya gwiwa, ƙuduji ya cika gona da fure, damman da ta ɗaure ko rabin rumbu ba su kai ba. Takin zamani ya fi ƙarfinta, dabbobin gidan kuwa 'yan awaki ne da kashinsu ba zai ishi ko bayan ɗaki ba. Ba ta roƙe ni komai ba, yayata ba ta roƙo. Amma maganar ta tsaya mini a rai duk tsawon rani.

Ana nan sai maƙwabcina ya ce yana da lodin albasa zuwa Gaya, daga can kuma zai wuce Junju ba kaya ya ɗauko gyaɗa. Ni kuma ina da aboki na yarinta a Gaya mai kiwon turka, wanda kullum in mun yi magana sai ya yi kukan tulin kashin da ke bayan gidansa, maƙwabta sun dame shi. Nan dabara ta zo mini. Na ce wa direba ni zan zuba masa mai, shi kuma ya ɗaukar mini takin zuwa ƙauyen yayata. Ya yi tsaki, ya ce motarsa ba ta taɓa ɗaukar ƙazanta ba, sannan ya yarda. Yayata kuwa ban sanar da ita ba, so nake in ga fuskarta sa'ad da mota za ta tsaya. Ni haihuwar cikin garin Gaya ne, babanmu ɗan tireda ne a bakin kasuwa, ban taɓa riƙe hauya da sunan noma ba. Iyakar abin da na sani game da gona shi ne in ta gaji a ba ta taki.

Hanyar Dosso zuwa Gaya kwalta ce, wani wuri an gyara ta yi sumul, wani wuri kuma ramuka ne da sai direba ya zaɓi wanda zai faɗa. Bazara ce, rana tun kafin ta ɗaga ta fara duka. Gonaki hagu da dama duk an share su, an ƙone saura, suna jiran ruwa. Abin da ban taɓa lura da shi ba a duk tafiye-tafiyena a wannan hanya, sai yau da nake da ruwa a ciki, shi ne 'yan tsibin taki baƙi-baƙi da aka jera cikin gonakin da ke kusa da gari. Ga masu amalanke suna kaiwa, ga masu jaki da mangala. A wata gona mun ga garken Fulani kwance, an kafa bukka a gefe. Direba ya ce mai gonar ne ya roƙe su su kwana masa a ciki, yana ba su hatsi, su kuma suna matsa makwancin shanun daga wannan gefe zuwa wancan har gona ta samu. Gonakin da ke nesa da gari kuwa fari fat suke, ba wanda ya kai musu komai.

Mun karya kumallo a wani ƙauye na bakin hanya da ƙosai da kunun tsamiya. Ƙosan ya ƙanƙance, kamar yadda ya ƙanƙance a ko'ina, mai tuyar ta ce wake ne ya hau. Direba bai kashe mota ba muka ci, saboda ba masu turi a kusa. Yana tuƙi yana yi wa motar magana, in ta hau tudu ya lallashe ta, in ta yi tari ya zage ta. Muna ƙara yin kudu itatuwa suna ƙara yawa, har giginyu suka fara bayyana. Mata na tare mu da farantan mangwaro da muruci a duk inda muka rage gudu. Manyan motocin da a da suke cika wannan hanya har su hana ka ganin gabanka sun ragu ƙwarai, masu gyaran taya da masu shayi da yawa sun rufe rumfa.

Kafin ka ga kogi a Gaya hancinka zai gaya maka ka iso: danshi, hayaƙin bandar kifi, da warin man da ake sayarwa a kwalabe. Garin yana nan da hayaniyarsa, 'yan kabu-kabu suna kutsawa ta ko'ina, wannan na ciniki da Dandanci, wancan na amsawa da Zabarmanci, ga Hausa ga Fillanci, ana karɓar sefa ana karɓar naira. Mun sauke albasa, sannan na taka zuwa bakin ruwa don in ga inda muka yi wanka muna yara. Gada shiru tun da aka rufe iyaka, kwale-kwale ne ke ta kai da kawo da mutane da buhuna, ga Malanbil can tsallake kana hangen rufin kwanonta. Doya da garin rogo sun yi tsadar da ban san su da ita ba a Gaya. Kifi ma haka, na taya wata tarwaɗa, mai ita ta faɗi kuɗi, na ce Allah ya kawo kasuwa na wuce.

Abokina ya rama mini, don tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi aka ajiye mana a gidansa. Bayan mun ci ya zagaya da mu bayan gida. Bijimai ne a turke, ga raguna a gefe, can kuma kusurwa tuli biyu. Ni da na ga na kusa ya fi girma sai na ce shi za mu ɗauka. Ya ce in tura hannu ciki. Na tura, na fizgo da sauri, zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ya ce wannan sabo ne, bai nuna ba, in aka zuba shi kusa da iri ƙone shi zai yi, kuma 'ya'yan ciyawar da shanun suka ci duk suna nan da rai, gona za ta cika da haki. Ɗayan tulin shi ne tsohon. Rami ya haƙa tun bara, yana zuba kashin shanu da na tumaki, da ragowar harawa da suka tattake, da tokar murhu, matarsa kuma tana watsa ruwan wanke-wanke a kai, lokaci-lokaci a juya. Ya yi baƙi, ya yi laushi, in ka damƙa sai ya warware a hannu. Ba ya wari, ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari yake yi. Masu lambun bakin kogi suna ɗiba, amma ba sa cinye shi.

Aikin da ya fi cin rai ba lodin ba ne, tsintar leda ce. Takin gari duk yadda aka kula da shi sai ka samu leda a ciki, da tsohon batir, da fasasshiyar kwalba, har da takalmin yaro ƙafa ɗaya muka tono. Abokina ya ce leda in ta shiga gona ba ta ruɓewa, kuma dabba in ta ci ta mutu, don haka sai da muka zauna muka tsince. Muka samo 'yan dako majiya ƙarfi suka taya mu da felu, a nan ne aka ɗauki hoton da kuka gani. Direba yana gefe a inuwa yana kallon motarsa kamar wanda aka zo yi wa ɗansa kaciya. Da muka gama aka rufe da tamfol aka ɗaure. Na tambayi abokina abin da zan ba shi, ya ce in na ƙara wannan magana zai sa a sauke.

A gidansa muka kwana, da safe 'yan unguwa suka tura mu. Muka koma arewa kaɗan, muka bar kwalta muka kama hanyar Junju. Jar hanya ce mai gargada, duk abin da ke jikin motar yana kaɗawa, har haƙoranmu. Amma ƙasar tana da kyau. Kwarin Dallol ne, ruwa kusa yake, giginyu sun yi sahu iya ganinka, ga gonakin rogo, ga lambuna kore shar a tsakiyar bazara. A wani shinge jandarma ya tambayi abin da muka ɗauko. Direba ya ce, "Ranka ya daɗe, kashi ne." Ya ɗauka raini ne, ya hau ya ɗaga tamfol da kansa, ya duba, ya sauko yana kaɗe hannu yana dariya, ya ce shi ma babansa manomi ne, mu wuce Allah ya ba da damina. A Junju muka sha fura da nono mai sanyi, na sayi goro da sukari na tsaraba, muka ci gaba.

Daga inda aka ratse zuwa ƙauyen yayata yashi ne. Muna hangen rumbunan garin motar ta kafe, taya na juyawa a wuri ɗaya. Maza suka fito daga gonaki suka zo, aka sa itace da kara a ƙarƙashi, aka yi ta turi. Wani ya tambaye ni takin wa ne wannan, mota guda. Na buɗe baki da alfahari na ce na gonar yayata ne, na faɗi gidan. Sai na ga sun dubi juna. Turin ma suka ƙarasa ba hira. Wani daga cikinsu ya hau babur ya yi gaba. Ni a lokacin na ɗauka mamakin yawan takin ne ya kama su.

Ba mu kai ga shiga gari ba muka tarar da yayata tsaye a tsakiyar hanya, ta ɗaure zani tamau, mayafi a kafaɗa. Na diro ina murmushi. Ita ba ta yi ba.

Ta ce, "Auta, wa ya aike ka?"

Na ce ba wanda ya aike ni, gonarta na kawo wa magani.

Ta ce wa direba, "Malam, sannu da hanya. Don Allah kar ka kwance igiya ko ɗaya. Ka kai ta ƙarƙashin tsamiya ka tsaya."

Sai da muka shiga gida, ta ba mu ruwa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi mini bayani. A ƙasarsu gonar aro ba a dasa mata itace, ba a gina mata rijiya, taki ma ba a zubawa sai da bakin mai gona. Dalili kuwa, wanda ya zuba taki ba a tashinsa sai ya ci takinsa, damina da damina har ƙarfinsa ya ƙare, kuma in magana ta je gaban manya shi za su ba gaskiya. Saboda haka in ka zuba ba ka tambaya ba, kamar ka ce wa mai gona ne ka ɗaure masa hannu a kan abinsa. Mutane da jaki suke kai nasu, mangala bayan mangala. Mota guda cur ba a taɓa gani ba a garin. Kafin mu iso labari ya riga ya zaga cewa matar marigayi ta aika wa ƙanenta na birni ya zo su riƙe gonar dattijo.

Ta ce shekarun nan duk lallaɓawa take yi. Kowace kaka sai ta ɗauki dami ta kai masa har gida, don a san ta san gonar ba tata ba ce. Kwanan baya ta ji ƙishin-ƙishin ɗansa da ke Kwatano zai dawo da iyalinsa, ta yi shiru, tana fatan in ba ta ta da maganar ba shi ma ba zai tayar ba. Na zo da niyyar in gyara mata gona, ga shi ina neman raba ta da ita. Na ce to mu juya da shi, ko mu zubar a daji. Ta ce ido ya riga ya gani, abin da ya rage shi ne mu je mu gaida Baba mai gonar.

Bayan la'asar muka tafi, na riƙe goron da na sayo. Mun same shi a ƙofar gida bisa buzu yana tufkar igiya, tsoho ne siriri mai farin gemu. Gaisuwa ta yi tsawo, ya tambayi Dosso, ya tambayi hanya, ya tambayi zafi. Na durƙusa na ajiye goro, na ce laifina ne, jahilcin ɗan birni ne, yayata ba ta san da zuwana ba, kuma ba a sauke ko damƙi ɗaya ba. Ya ci gaba da tufka har na fara tunanin bai ji ba.

Can ya ce, "Na yarda, ɗana. Wagga ɗiya na san ta, ba ta yi mini haka. Da jaki guda ka taho da shi, da na kau da kai. Amma wanga taki in ya sauka, bakina ya ɗauru shekaru, kai ma yanzu an gaya maka."

Ya ajiye igiyar ya juya wajen yayata. Ya ce maganar da ta ji gaskiya ce, ɗansa yana tafe da mata da ɗiya, ciniki ya ƙi a can, kuma ba shi da inda zai nuna masa sai wannan gona. Ya ce ya daɗe yana neman ranar da zai gaya mata, in ya tuna da amincinsa da surukinta sai kunya ta hana shi.

"Motar ƙanenki ta faɗi abin da na kasa faɗi," in ji shi. "Ki noma daminar bana. In an yi kaka, ki yi haƙuri."

Yayata ta ce, "Ba komi, Baba. Mun ci arziki, Allah ya saka da alheri." Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan ji haushi. Tsohon bai yi zalunci ba, gonarsa ce, kuma na ga yadda maganar ta yi masa nauyi. In akwai mai laifi ni ne da na zo da mota na tsaya a bakin gari.

Muka taso. Ina tsammanin gida za mu, sai ta miƙe wajen tsamiya, ta ce wa direba ya ta da mota. Aka tura, ta shiga gaba ta zauna tana nuna hanya da hannu. Muka fita yamma da gari, muka hau wani ɗan tudu, ta ce a tsaya. Fako ne, ja wur, ƙasa ta daskare kamar daɓen ɗaki, sai tsakuwa da 'yan sabara jefi-jefi. Ta ce wannan shi ne gadon mijinta, wato na 'ya'yanta. Tun zamanin surukinta aka bar shi, don ruwa in ya sauka ba ya shiga, gangarewa yake yi ya tafi, shi ya sa suka koma aro.

Ta ce, "Nan za ku sauke."

Direba ya dube ni, ni ma na dube shi. Na ce, "Yaya, nan ko akuya ba ta tsayawa."

Ta ce ta sani. Amma a wani ƙauye kusa da su ta ga mata sun ta da irin wannan wuri da tassa. Ramuka ne ƙanana ake haƙawa a jere, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki damƙi ɗaya ko biyu a kowane rami. Gara tana bin takin ta huda ƙasa, ruwan sama in ya zo ya taru a ramin ya nutse, sannan a shuka a ciki. Ta ce ta daɗe da abin a ranta, sai dai ba ta da taki, kuma muddin gonar aro tana hannu ba ta da zuciyar fara dukan dutse. Muka kwance igiya. Wasu daga cikin waɗanda suka tura mu a yashi suka zo da felu, wannan karon da hira da dariya, har ana tsokanata da cewa tela ya ɗinka wa gari magana. Kafin magariba mota ta koma wayam, direba ya wuce Junju neman inda zai wanke ta kafin lodin gyaɗa.

Washegari da sanyin safiya muka fara haƙa, ni da ita da manyan 'ya'yanta. Ban taɓa sanin ƙasa tana mayar da diga ba sai ranar. Ka ɗaga ka buga, ta yi tsalle, hannunka ya amsa har kafaɗa, abin da ya fita bai cika tafi ba. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo, kafin azahar ya fashe. Matan maƙwabta suka zo da nasu kayan aiki, wata ta kawo fura, aiki ya ɗan yi sauri. Da aka gama layin farko yayata ta ɗebo taki a ƙwarya, ta durƙusa ta zuba a rami, ta barbaɗa ƙasa kaɗan a kai. Ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Wannan dai abin da ya fito na marayu ne."

Muna cikin aiki sai ga dattijon da sandarsa. Ya tsaya a bakin fakon, bai shigo ba. Ya sunkuya ya damƙi takin, ya murza, ya kai hanci. Ya ce ya nuna, wanda ya haɗa shi ya san aiki. Ya ce a rufe tulin da kara kada rana ta shanye shi, kuma a bar ramukan gefen arewa sai an yi ruwan fari, ƙasar can ta fi tauri. Ya yi mana sannu ya juya. Daga baya aka kawo diga daga gidansa, ta fi tamu kaifi.

Na yi 'yan kwanaki ina taya su, har direba ya kira ya ce lodi ya kammala, in ban zo ba zai tafi ya bar ni. Ranar da zan taho na tsaya bisa tudun na duba abin da muka yi. Ramukan da suka ci mana ƙarfi haka ko sulusin fakon ba su rufe ba. Tulin da na ga kamar dutse a Gaya, nan ya zama ɗan kaɗan. Yayata ta ɗaure mini kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli, ta rako ni har inda ɗan kabu-kabu yake jira. Na ce ta yafe mini. Ta ce gonar tafiya za ta yi ko na zo ko ban zo ba, gara da ta ji tun yanzu da sauran damina guda a hannunta. Sannan ta kama kunnena kamar yadda take yi ina ƙarami, ta ce, "Amma Auta, gobe in za ka yi wa mutum alheri, ka tambaye shi tukuna."

Dawowa ba wani labari. Motar ta sha wanki amma direba ya rantse har yanzu yana jin wari, ni kuwa ban ji komai ba sai gyaɗa. Mun tsaya sau ɗaya taya ta yi faci, sau ɗaya kuma don salla. Da yamma muka shigo Dosso. Maiɗakina ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce in tuɓe rigar a zaure kafin in shigo mata ɗaki. Almakashi sai da na yi kwanaki ban iya riƙe shi ba, masu ɗinki suna ta sintiri, ina nuna musu hannu suna dariya.

Abin da na koyo a wannan tafiya ba shi da yawa, amma ya shiga. Na san yanzu yadda ake gane takin da ya nuna, na san abin da muke toshe hanci muna wucewa a bayan gidajenmu shi wasu ke nema ido rufe. Na kuma san cewa a ƙauye taki ba kashin dabba kawai ba ne, magana ce a kan wa ke da ƙasa, kuma wanda bai san wannan ba yana iya yin ɓarna da zuciya ɗaya. Ba zan ce muku abin ya ƙare da daɗi ba, don bai ƙare ba tukuna. Bana yayata tana da gonar aro da ta gaji, baɗi ba ta da ita. Abin da za su ci daga nan gaba yana cikin waɗancan ramuka, su kuma ruwa suke jira. In ya zo da kyau ya zauna a ciki, fakon zai fara zama gona. In ya yi gardama, ban san abin da za mu yi ba.

Ni da a da ba abin da ya haɗa ni da hadari sai in kwashe yadi daga waje, yanzu kullum in na fito buɗe shago sai na tsaya na duba gabas.